Hukuncin Ɓarnar Da Aka Tarar A Gidan Haya



Ya 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako filin namu zai yi bayani a kan wata mas'ala da ke yawan ɓata zumunci tsakanin mai gida da ɗan haya, watau ɓarnar da ake tararwa a gida ko kanti ko ɗakin ajiya ranar da za a miƙa makulli. Mai gida ya shiga ya ga bango ya tsage, ƙyaure ya ɓalle, masai ya cika, sai ya ce lalle sai an biya shi. Ɗan haya kuma ya ce haka ya tarar da gidan, ko ya ce aikin ruwan sama ne. Daga nan sai cacar baki, sai riƙe kaya, wani lokaci har ofishin 'yan sanda, alhali kuwa malamanmu sun warware wannan mas'ala fiye da shekara dubu da ta wuce.

Maganar ta shafi mutanen ƙasar Gumel ƙwarai da gaske. Tun da aka fitar da Jihar Jigawa daga cikin Jihar Kano ran 27 ga Agusta, 1991, ba a rabu da turo ma'aikata zuwa ƙananan hukumomi huɗu na wannan masarauta ba, watau Gumel da Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar. A cikin garin Gumel akwai malamai da ɗaliban Kwalejin Ilmi da ma'aikatan asibiti, da yawansu baƙi ne masu zaman haya. A Maigatari, bakin iyakarmu da Jamhuriyar Nijar, ga ma'aikatan kwastan da na shige da fice, ga kuma fataken da ke cin kasuwar Alhamis, suna kama shaguna da ɗakunan ajiye riɗi da zoɓo da wake. A Gagarawa da Sule Tankarkar kuma ga malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da aka kawo daga wasu garuruwa. Sau da yawa ma mutum ɗaya shi ne mai gida, shi ne kuma ɗan haya: ya gina gida a garinsu ya zuba 'yan haya, shi kuwa yana zaune a gidan wani a wurin aikinsa. Saboda haka kowa ya karanta wannan bayani da idanu biyu.

Asalin Hukunci

Haya a shari'a ciniki ne na amfani. Malaman Malikiyya suna kiran hayar gida da gona da dabba da sunan kira'i, suna keɓe sunan ijara ga ƙwadagon mutum da makamantansa, amma hukuncinsu kusan ɗaya ne. Mai gida ya sayar da zama a gidansa na lokaci sananne a kan kuɗi sananne, shi kuwa ginin yana nan a cikin mallakarsa. Daga wannan asali abubuwa biyu suka fito. Na farko, kuɗin haya shi ne farashin amfani, amfani kuwa dole ya ci jikin gida, don haka abin da zama na al'ada ya cinye an riga an biya shi a cikin kuɗin haya. Na biyu, gidan ya shiga hannun ɗan haya ne da yardar mai shi, saboda haka hannunsa hannun amana ne.

Shaihu Ibnu Abi Zaidi na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 386 bayan Hijira, ya bayyana a cikin Risala, a babin ciniki, cewa wanda ya yi hayar wani abu ya salwanta a hannunsa ba ya ranko, kuma ana gaskata maganarsa matuƙar ƙaryarsa ba ta bayyana ba. Shaihu Halilu ma a cikin Muhtasar ya kira mai haya amintacce. A wannan babi na Risala ne kuma aka ɗora ranko a kan masu sana'a, kamar tela da marini da maƙeri, game da kayan mutane da suka karɓa suka shige da shi inda ido ba ya gani, domin kare dukiyar jama'a. Wasu masu gidaje suna ɗaukar hukuncin tela su ɗora wa ɗan haya, wannan kuwa kuskure ne, domin malamai sun raba hukuncin biyun.

Amintacce ba ya biya sai da ɗayan abu biyu. Ko dai ta'addi, watau ƙetare iyakar abin da aka yi masa izini, ko kuwa tafriɗi, watau sakaci da abin da ya wajaba ya kiyaye. Duk rigimar mai gida da ɗan haya a kan waɗannan kalmomi biyu take juyawa.

Ɓarna Iri Uku Ce

Iri na farko shi ne tsufa da gogewar yau da kullum. Fenti ya koɗe, daɓe ya goge a bakin ƙofa, hayaƙin murhu ya baƙanta madafa, kan famfo ya sassauta bayan shekara uku ana murɗa shi. Wannan duka a kan mai gida yake. Wanda ya karɓi kuɗin haya na shekara biyar, sa'an nan ya nemi a mayar masa da gidansa sabo fil kamar ranar da magini ya sauka, ya nemi a biya shi abu ɗaya sau biyu ke nan. Allah kuwa ya hana mu cin dukiyar juna ba bisa haƙƙi ba, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 29.

Iri na biyu shi ne abin da ya sauko daga Allah ba da hannun kowa ba. Iskar farkon damuna ta yaye kwano, ruwan watan Agusta ya jiƙa katangar ƙasa ta zube, gara ta cinye azara daga ciki, ko gobara ta tsallako daga gidan maƙwabci. Mutanen Jigawa ba su manta da damunar 2022 ba, da irin gidajen da ruwa ya rusa a jihar. Irin wannan hasara ta mai dukiya ce, tun da ginin nasa ne. Har ma shari'a ta duba wa ɗan haya ta ɗaya gefen. A cikin Muhtasar an bayyana cewa idan ɗaki ɗaya ya rushe daga cikin gidan da aka yi haya, ana rage kuɗin haya gwargwadon rabon wannan ɗaki. A misali, mutum ya kama gida mai ɗaki huɗu masu daraja ɗaya a kan Naira 240,000 a shekara, sai ɗaki ɗaya ya faɗi bayan wata shida, mai gida bai tayar da shi ba. Rabon kowane ɗaki Naira 60,000 ne a shekara, don haka za a sauke wa ɗan haya Naira 30,000 na sauran wata shida. Amma idan abin da ya faɗi bai rage komai daga amfanin gidan ba, kamar zankon soro, to kuɗin haya yana nan cikakke.

Iri na uku shi ne abin da ɗan haya ya jawo da ƙetare iyaka ko da sakaci, shi ne kaɗai wanda ake biya. Littafin Mudawwana, wanda Imamu Sahnunu ya tattara daga Ibnul Ƙasim almajirin Imamu Malik, ya kawo misali mai haske game da wuta. Wanda ya yi hayar gida ya kafa tanderu irin wanda ya halatta gare shi, sai wuta ta tashi ta ci gidan har da na maƙwabta, ba ya ranko. Amma idan mai gida ya sharɗanta masa tun farko kada ya hura wuta a ciki, ya saɓa ya hura, gidan ya ƙone, to zai biya. Ku duba, gobarar ɗaya ce, hasarar ɗaya ce, amma hukunci ya bambanta saboda izini da rashinsa. Har ila yau littafin ya ba ɗan haya damar shigar da kayansa da dabbobinsa da sana'arsa cikin gidan, matuƙar abin ba zai cutar da ginin ba, in kuwa zai cutar sai a hana shi.

Mu auna al'amuran ƙasarmu da wannan ma'auni. Wanda ya kama ɗakin kwana a Maigatari ya cika shi da jarkokin man fetur, wuta ta tashi, ya ƙetare iyaka. Wanda ya jibga buhunan riɗi ya jingina su da bangon ƙasa har rufi, bangon ya buɗe, ya ɗora wa gini abin da ba a gina shi dominsa ba. Haka wanda ya kafa injin niƙa a zauren gidan zama har girgizarsa ta tsaga ginin, da wanda ya fasa katanga ya fitar da shago ba da izini ba, da wanda ya jona wayar lantarki ta ɓarauniyar hanya ta kama da wuta. Game da dabbobi kuwa al'ada ce alƙali. Akuya biyu ko ragon layya a tsakar gida abu ne da kowa ya sani a ƙasar Hausa. Amma mayar da gidan zama turken shanu na jiran kasuwar Alhamis, har fitsarinsu ya cinye gindin katanga, wannan yana bukatar izini na musamman.

Sakaci kuma shi ne kamar mutum ya ga indararo ya toshe da damuna, ruwa yana kwanciya a kan soro, bai zare ba, bai kuma aika wa mai gida ba, har rufin ya rufta. Ko ya bar rariya a toshe ruwan wanka yana komawa gindin bango wata da watanni. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mai ɗaki kuwa a nan shi ne mai kwana a ciki. A mazhabarmu wanda yake da ikon tsirar da dukiyar ɗan'uwansa daga halaka ya ƙi, ana iya ɗora masa ranko, balle wanda aka danƙa masa dukiyar amana. Mafi ƙarancin abin da ke kansa shi ne ya sanar da mai gida da wuri, a gaban shaida. In ya sanar, mai gida ya yi ko oho, to laifi ya tashi daga kansa.

Akwai rassa biyu da ake yawan tambaya. Idan ɗan haya ya ba wani hayar gidan, a inda ba a hana shi yin haka ba, na biyun kuma irinsa ne wajen amana da yanayin zama, sai na biyun ya yi ɓarna, to na biyun ne zai biya, domin na farko ya aikata abin da ya halatta gare shi. Idan kuma yaro ne ya fasa gilashi ko ya karya ƙofa, asalin hukunci shi ne rankon yana cikin dukiyar yaron in yana da ita, amma uban da ya ga ɗansa yana ɓarna ya ƙyale shi ya shiga babin sakaci. Mutumin kirki ma ba ya jira a kai shi ƙara a kan ɓarnar 'ya'yansa.

Gyara A Kan Wa Yake?

Gyaran abin da ya lalace don tsufa ko don ruwa da iska na mai gida ne, domin mallakarsa ce. Sai dai maganar da ta shahara a mazhaba, wadda Shaihu Halilu ya tafi a kanta, ita ce ba a tilasta masa ya gyara. Abin da ake yi shi ne a ba ɗan haya zaɓi. Idan lalacewar mai cutarwa ce, kamar yoyon da ke hana barci, yana da damar warware hayar ya fita, a mayar masa da kuɗin sauran kwanakin da bai zauna ba. In kuwa ya zaɓi ya zauna a haka, kuɗin haya ya lizimce shi. Idan mai gida ya gyara kafin ya fita, to ba shi da sauran hujjar fita. Wasu malaman mazhaba kuma sun ga a tilasta mai gida a kan ƙaramin gyara. Abin da babu saɓani a kansa shi ne, ba ya halatta mai gida ya ƙi gyara yoyo shekara biyu, sa'an nan ranar tashi ya lissafa wa ɗan haya kuɗin silin da ruwan ya ruɓar.

Ɗan haya shi ma ya kiyaye. Kada ya ɗauko birkila ya yi aiki da ra'ayin kansa, sa'an nan ya ce zai cire daga kuɗin haya. Ya nemi izini tukuna, a faɗi aikin, a faɗi kuɗinsa, a rubuta.

Sharuɗɗan Da Suka Inganta Da Waɗanda Ba Su Inganta Ba

Allah ya umarce mu da cika alkawura a ayar farko ta Suratul Ma'ida, saboda haka sharaɗin da aka ƙulla haya a kansa abin kiyayewa ne, muddin bai saɓa wa shari'a ba. Ya halatta mai gida ya ce ba a ajiye man fetur, ba a ɗaure shanu, ba a fasa bango, ba a saka wani a gidan sai da saninsa. Ya halatta a sharɗanta wa ɗan haya kwashe masai. Ya halatta a ce ya riƙa yin gyara ko yaɓe daga cikin kuɗin hayar da ya riga ya hau kansa. Haka nan ya halatta a ɗora masa yaɓe daga aljihunsa idan an ambaci adadi, kamar sau ɗaya a shekara kafin faɗuwar damuna, domin abu ne sananne da za a iya lissafawa.

Wanda bai inganta ba shi ne sharaɗin da ake cusawa a wasu takardun haya na zamani, cewa duk abin da ya lalace a gidan, kowane iri ne, ko mene ne sanadinsa, ɗan haya ne zai gyara da kuɗinsa. Wannan ya mayar da kuɗin haya abin da ba a san iyakarsa ba, domin babu wanda ya san ko bana gyaran Naira 5,000 za a yi ko katanga ce za ta faɗi gaba ɗaya. Jahiltar farashi kuwa garari ne mai ɓata ciniki. Bugu da ƙari, malamai sun ce sharɗanta ranko a kan amintacce ba ya mayar da shi mai ranko. Dillalai da masu rubuta wa mutane takardun haya su ji tsoron Allah a kan wannan.

Shaida Da Rantsuwa

Idan aka yi jayayya, mai gida shi ne mai da'awa, domin asali shi ne wuyan mutum kuɓutacce ne daga bashi. Hadisi na 33 a cikin Arba'una ta Imamu Nawawi ya kafa ƙa'idar cewa kawo shaida yana kan mai da'awa, rantsuwa kuma tana kan wanda ya musa. Don haka mai gida zai tabbatar da abu biyu: cewa abin lafiyarsa ƙalau ranar da ya miƙa makulli, da kuma cewa ɗan haya ne ya ɓata shi da ƙetare iyaka ko sakaci. A sha'anin dukiya ana karɓar maza biyu adilai, ko namiji ɗaya da mata biyu, ko shaida ɗaya tare da rantsuwar mai da'awa, kamar yadda yake a mazhabar Malik. In ya rasa, sai ɗan haya ya rantse ya kuɓuta.

Amma gaskata ɗan haya yana da iyaka, watau matuƙar ƙaryarsa ba ta bayyana ba. Wanda ya ce iska ce ta buɗe taga a bangon da aka yanka da guduma da kurfi, ginin da kansa ya ƙaryata shi. Alƙalan Musulunci sun daɗe suna aiki da alamu da kuma maganar masana sana'a, Ibnu Farhuna ya yi dogon bayani a kan haka a cikin Tabsiratul Hukkam. Magini ya san bambancin tsagar da ta taso daga tushe da wadda nauyi ya jawo, kafinta kuma ya san katakon da gara ta ci da wanda aka ɓalle da ƙarfi. Hoton waya da aka ɗauka ranar shiga yana cikin alamun da ke taimakon mai hukunci. Shi kuma mai rantsuwa ya tuna cewa rantsuwar ƙarya don cin haƙƙin Musulmi tana cikin manyan zunubai, kuɗin ƙofa ɗaya bai kai mutum ya sayar da lahirarsa ba.

Yadda Ake Ƙimanta Ɓarna

Idan ɓarna ta tabbata a kan ɗan haya, saura sanin abin da zai biya, a nan ne kuma masu gidaje da yawa ke zamewa. Ƙa'ida ita ce, abin da ake aunawa da mudu ko sikeli ana biyan irinsa, sauran kaya kuma ana biyan ƙimarsu ta ranar da aka ɓata su. Wanda ya taɓa buhun siminti biyu da mai gida ya ajiye zai mayar da buhu biyu. Amma ƙofar katako da ta shekara goma tana aiki, ƙimarta ta tsohuwar ƙofa ce. A misali, sabuwa tana Naira 90,000, kafintoci biyu amintattu suka ce irin waccan a ranar da aka karya ta ba ta wuce Naira 35,000 ba. To Naira 35,000 ke kan ɗan haya, ragowar katakon kuma ya zama nasa tun da ya biya ƙimarsa duka. Idan kuwa ɓarnar kaɗan ce mai gyaruwa, sai ya gyara, ya kuma cika abin da ya ragu daga darajarta bayan gyaran, in akwai. Mai gida da ya karɓi kuɗin sabuwa a madadin tsohuwa ya ci Naira 55,000 da ba tasa ba. Hadisin da Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa, wanda ya hana cuta da rama cuta da cuta, ya hau kan mai gida kamar yadda ya hau kan ɗan haya.

Kuɗin Ajiya Da Yanke Wa Kai Hukunci

A yanzu wasu masu gidaje suna karɓar wani kuɗi daban ranar shiga, su ce na jiran ɓarna ne. Malamai da dama na wannan zamani sun ga halaccinsa, bisa sharaɗin cewa kuɗin yana nan a mallakar ɗan haya. Ba a taɓa shi sai gwargwadon ɓarnar da ta tabbata, da iƙirarinsa ko da shaida ko da hukunci, ragowar kuma a mayar masa ranar da ya fita ba tare da ja-in-ja ba. Allah ya umarci a mayar da amana ga masu ita a Suratun Nisa'i, aya ta 58. Wanda ya riƙe wannan kuɗi yana ƙirƙiro laifuffuka don kada ya mayar, ya zama shi ne maci amanar da yake zargin wani da ita.

Mafi muni daga wannan shi ne mai gida ya zama shi ne mai ƙara, shi ne alƙali, shi ne ɗan doka. Ya sa kwaɗo a ɗakin ajiyar ɗan kasuwa da riɗinsa a ciki ranar jajiberin kasuwa, ko ya riƙe keken ɗinkin matar ɗan haya, ko ya cire kwanon ɗaki iyali suna ciki. Wasu suna kafa hujja da cewa malamai sun yarda mutum ya ɗauki haƙƙinsa in ya samu iko. Lalle akwai wannan magana a mazhaba, amma an ɗaure ta da sharaɗin haƙƙin ya kasance tabbatacce, kuma a amince daga fitina da zubar da mutunci. Kuɗin ɓarnar da ake jayayya a kansa, ba a ƙimanta shi ba, ba a yi shaida ba, bai zama tabbataccen bashi ba tukuna. Ko ɗan hayan da fasiƙancinsa ya bayyana yana cutar da gida da maƙwabta, Muhtasar ya miƙa al'amarinsa ga mahukunci ne, shi zai hana shi, in ya ƙi ya fitar da shi ya ba da hayar gidan a madadinsa. Dokar ƙasa ma ba ta yarda mai gida ya fitar da ɗan haya da ƙarfin tuwo ba. Hanya ita ce a fara da sulhu a gaban mai unguwa ko bulama ko limami, ko shugabannin kasuwa in shago ne, in abin ya faskara a tafi kotu. Idan kuma biya ya tabbata a kan wanda ba shi da hali, kamar ƙaramin ma'aikacin da albashinsa bai kai ba, aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umarni a jinkirta masa, ta kuma nuna cewa yafewa ta fi alheri.

Nasiha Ga Ɗan Haya

Kada wani ɗan haya ya ji an kira shi amintacce ya ɗauka an ba shi lasin ɓarna. Sunan nauyi ne aka aza masa. Alƙali yana hukunci da zahiri, Allah kuwa ya san wanda ya karya ƙofa. Wanda ya san shi ya yi ɓarna, biya ya wajaba a kansa ko da babu shaida ko ɗaya, ko da an yi masa canjin wurin aiki daga Gumel zuwa Birnin Kudu. Sulalewa da dare a bar makulli a hannun yaron maƙwabta, da bashin wuta da na ruwa a baya, ba halin Musulmi ba ne. Wannan hukunci ya haɗa da gidajen gwamnati da ake ba ma'aikata. Masu cire fanka da ƙofofi da kan famfo ranar tashi, suna cewa kayan gwamnati ba na kowa ba ne, su sani dukiyar jama'a ce, masu ita kuma sun fi gaban a bi su ɗaya ɗaya a nemi gafara.

Ma'aikacin da ke karɓar haya a garinsu yana biya a wurin aikinsa ya gwada kansa da farkon Suratul Muɗaffifina, inda Allah ya yi narko ga masu cika mudu in za su karɓa, su tauye in za su bayar. Mudun da kake so a auna maka a gidan da kake haya, da shi za ka auna wa wanda ke zaune a naka.

Tun Ran Gini Ran Zane

Mafi yawan wannan rigima takarda ɗaya ce maganinta. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta sauka, ta kuma hana a ƙosa da rubutawa ko abin ƙarami ne. Ranar miƙa makulli, mai gida da ɗan haya su zaga gidan tare da shaidu biyu. A rubuta adadin ɗakuna da ƙofofi da tagogi da halin da kowanne yake ciki, da inda yake yoyo, da tsagar da ke jikin bango, da halin masai da rijiya ko famfo, da abin da mitar wuta ta nuna. A rubuta abin da aka kama wurin dominsa, zama ne ko ajiya ko sana'a, da abin da aka hana, da wanda yaɓe da kwashe masai ke kansa, da kuɗin ajiya in akwai. A ambaci magini ko kafintan da duka biyu suka yarda da shi, wanda zai ƙimanta in an samu saɓani. A rubuta da boko ko da ajami, kowa ya riƙe kofi, a ɗauki hoto da waya. Ranar fita kuma a sake zagawa da wannan takarda a hannu, kafin a ɗora kaya a mota.

Wasu suna jin kunyar yin haka da ɗan'uwa ko aboki, suna ganin kamar rashin yarda ne. Alhali kuwa Sahabbai, waɗanda suka fi mu amana nesa ba kusa ba, su aka fara umarta da rubutu. Kunyar rabin sa'a ranar shiga ta fi gabar shekaru bayan fita sauƙi.

Allah ya ba mu ikon tsare amana, ya tsarkake dukiyoyinmu daga haƙƙin mutane, ya sanya albarka a kasuwancinmu da ayyukanmu. Allah shi ne mafi sani.